Wa Ke Koyar da Ɗalibar Jinya Bayan Sallar Isha'i?

 Batun wannan lacca guda ɗaya ne, kuma ba baƙo ba ne ga duk wanda ya taɓa zaman kwamiti a kan horar da ma'aikatan lafiya: hukumomi suna auna ci gaban karatun jinya da yawan ɗaliban da aka ɗauka da yawan azuzuwan da aka gina, alhali kuwa ɗaliba tana zama nas ne a gefen gadon mara lafiya, a gaban idon wadda ta riga ta shiga aikin, kuma wannan idon ne ya yi ƙaranci, shi ne kuma kasafin kuɗi ya fi mantawa da shi.

Ba sai an maimaita tarihin da kowa a nan Potiskum ya haddace ba, na Nana Rufaida da tantinta a Madina, ko na makarantar da Florence Nightingale ta buɗe a Landan a 1860. Sanannen abu ne kuma cewa tun bayan da aka cire Yobe daga Borno a 1991, babbar ƙofar da yaran wannan yanki ke bi zuwa aikin jinya ita ce Kwalejin Shehu Sule da ke Damaturu, tafiyar kusan kilomita 100 daga nan, kuma Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya, wadda doka ta haɗe ta wuri guda a 1979, ita ce ke tsara manhaja, ta yi jarrabawa, ta ba da lasisi. A tsohon tsari karatun shekara uku ne, watanni shida na farkonsa na tankaɗe da rairaya, wanda duk ya faɗi jarrabawarsu sai ya naɗe tabarmarsa. Yanzu ana komawa tsarin difiloma da babbar difiloma, ga kuma digirin jami'a na shekara biyar. An ɓata yawu mai yawa a kan wace takarda ce ta fi daraja. Wannan gardama ta masu neman ƙarin matsayi ce, kuma ba ta taɓa sauya abin da ke faruwa a ɗakin marasa lafiya ba.

Abin da ke faruwa a can kuwa ya kamata a dube shi da kyau. Ɗalibar da aka tura aikin koyo, haka ma ɗalibi namiji, takan isa kafin a miƙa aikin safe, ta tsaya a bayan manya ana bin gado-gado, mai sauka daga aikin dare tana faɗin wanda ya kwana da zazzaɓi, da wanda ƙarin ruwansa ya tsaya, da wadda likita ya ce kada ta ci komai saboda tiyata. Daga nan sai gyaran gado, sai awon zafin jiki da bugun zuciya da hawan jini da numfashi, a rubuta kowanne a takardar da ke cikin fayil, sai wankin ciwo, sai rabon magani, wanda ƙa'idarsa ita ce a tabbatar da mai shi, da sunan maganin, da adadinsa, da hanyar ba da shi, da lokacinsa, kafin ya shiga jikin mutum. Tsakanin waɗannan akwai ayyukan da ba su cikin manhaja: aiken karɓo sakamakon gwajin jini, da lallashin 'yan jinya su rage cunkoso, da bayyana wa magidanci dalilin da zai sa ya fita ya sayo safar hannu da sirinji, da yin tafinta. Na ƙarshen nan ba ƙaramin aiki ba ne a garin da Bolewa da Ngizim da Karekare da Ngamo da Fulani da Barebari ke kwanciya a ɗaki ɗaya, domin tsohuwar da ta zo daga ƙauye tana iya cin kasuwa da Hausa, amma idan ciwo ya tsananta da harshen gidansu take faɗin inda yake.

Nauyin da ke kan asibitocin Potiskum ya wuce na garin kansa. Kasuwar shanunsa tana cikin mafi girma a Afirka ta Yamma, babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri ta ratsa shi da tireloli da haɗurransu, marasa lafiya kuma suna kwararowa daga Fika da Nangere da Fune. Wanda ya ga yadda mashaƙo ya cika gadaje da yara a 2023, ko yadda sanƙarau ya shiga makarantun kwana a farkon 2024, ya san haka. Masu dogon tunani ba su manta da kisan likitoci uku 'yan Koriya ta Arewa a Fabrairun 2013 ba, ko safiyar 10 ga Nuwamba 2014 da bom ya tashi a taron ɗaliban makarantar kimiyya, aka rasa fiye da arba'in. Ta fuskar abin koyo, babu ajin da ya kai irin wannan wuri. Tambayar ita ce wa zai tsaya ya mai da abin da ɗaliba ta gani ya zama ilimi.

Da rana akwai likita, akwai shugabar ɗaki, wani lokaci malami daga makaranta yakan leƙo. Bayan Isha'i ɗakin yakan koma hannun nas ɗaya ko biyu da ɗalibai, kuma a lokacin ne ake kawo mai cikin da ke jijjiga, wato farfaɗiyar da hawan jinin ciki ke haddasawa. Littafi ya koya wa ɗaliba cewa maganinta magnesium sulphate ne, ana ba da shi ta jijiya da ta tsoka a karon farko, sannan a maimaita giram 5 a tsoka duk bayan awa huɗu. Abin da littafi ba zai iya ɗora mata a hannu ba shi ne duba abubuwa uku kafin kowace maimaitawa: a ƙirga numfashi da agogo, a ƙwanƙwasa ƙasan gwiwa a ga ko ƙafa ta zabura, a auna fitsarin da ya taru a leda, domin idan numfashi ya ja baya ko ƙafa ta ƙi motsi, maganin ya fara yawa a jiki, kuma allura ta gaba tana iya zama ajali. Ɗalibar da gwana ta riƙe hannunta ta nuna mata inda ake ƙwanƙwasawa ba za ta manta ba har ta yi ritaya. Wadda aka miƙa wa sirinji aka ce ta je ta yi wa ta gado na uku, ita ma ta koyi darasi, kuma shi za ta koyar nan da shekara goma.

A nan ne ya dace a tsaya a kan wani bincike da ya kamata a ce kowane shugaban makarantar jinya a Arewa ya karanta shi sau biyu. A kiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020, mata kusan 82,000 ne suka rasu a Najeriya ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya bisa huɗu na duniya baki ɗaya, kuma zubar jini bayan haihuwa yana kan gaba cikin musabbabai. A 2023 aka wallafa sakamakon gwajin da ake kira E-MOTIVE, wanda Jami'ar Birmingham ta jagoranta, Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta Kano kuma ta ja ragamar ɓangaren Najeriya. An yi shi a asibitoci kusan 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata fiye da 200,000. Babu sabon maganin da aka ƙirƙiro. An shimfiɗa wa mai jego leda mai aljihu da zanen awo, jinin da ya fita ya taru a ciki, ungozoma tana duba shi a kai a kai. Da zarar ya kai rabin lita, ko ya kusa kaiwa tare da alamun haɗari, sai a yi komai a lokaci guda maimakon bi da bi: a murza mahaifa, a ba da maganin da ke sa ta tsuke, a ba da tranexamic acid mai hana jini tsinkewa, a sa ƙarin ruwa, a duba ko akwai yagewa ko ragowar mabiyiya, a kira na gaba idan abin ya ci tura.

Hausawa suna cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A sha'anin jini, binciken ya nuna ido bai san kima ba. A asibitocin da aka ci gaba da kiyasi da ido, kusan kashi 51 cikin 100 na zubar jinin kawai aka gane. A inda aka yi amfani da ledar awo, an gane kashi 93. Mummunan sakamako, wato zubar lita guda ko fiye, ko tiyatar gaggawa, ko mutuwa saboda jini, ya sauko daga kashi 4.3 zuwa kashi 1.6, ragin kusan kashi 60 cikin 100. Da yawa daga masu yabon binciken sukan tsaya a kan ledar, saboda leda abu ne da ake iya ba da kwangilar sayensa. Sukan tsallake sauran tsarin: an horar da ma'aikata a cikin asibitinsu ta hanyar maimaita aikin da hannu, an ware wasu daga cikinsu su riƙa bibiyar abokan aikinsu, an tanadi kayan a wuri guda kusa da gado, ana kuma mayar wa kowane asibiti rahoton yadda ya yi. Abin da ya ceci waɗannan mata shi ne ma'aikaciyar da aka koya wa dubawa a kan lokaci, aka kuma sa wani ya tabbatar ta duba. Idan ƙwararrun ungozomomi masu shekaru a bakin aiki suna buƙatar irin wannan bibiya kafin hannunsu ya daidaita, babu hujjar barin 'yar shekara ashirin ta koya da ka.

Su wa za su yi bibiyar? A farkon 2024 magatakardan Majalisar Jinya ya bayyana cewa ma'aikatan jinya kusan 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku, fiye da 15,000 daga ciki a 2023 kaɗai. Martanin da aka mayar iri biyu ne: aka ce sai nas ta yi shekara biyu tana aiki kafin a tantance mata takardun fita, abin da ya jawo zanga-zanga, sannan gwamnatin tarayya ta sanar da ɗaga guraben makarantun horar da ma'aikatan lafiya daga 28,000 zuwa 64,000. Ba kowace nas ta Yobe ce ke mafarkin Ingila ba, amma gurbin da ya buɗe a babban asibitin tarayya daga jiha ake cike shi, na birnin jiha daga ƙaramar hukuma, ga ƙungiyoyin agaji da ke biyan abin da gwamnati ba ta biya. Masu tafiya su ne waɗanda hannunsu ya faɗa. An ninka masu koyo a daidai lokacin da masu koyarwa ke raguwa.

Akan ce ƙarancin ma'aikata ya kai matsayin da ko rabin nas ta fi babu. Rabin nas ce ke yin allura ta huɗu ba tare da ta ƙirga numfashi ba. Akan ce kuma ɗakin gwaji mai mutum-mutumin roba da jarrabawar aikin hannu da Majalisa ke yi sun wadatar. Roba ba ta da mijin da ke tsaye a bakin ƙofa yana ƙin sa hannu a takardar tiyata. Masu cewa haka aka horar da su kuma ga su sun zama mutane, su tuna yawan ɗaliban ajinsu da yawan sistocin da ke kansu a wancan zamani.

Akwai ma littafin aikace-aikace, wanda ake sa wa ɗaliba hannu a kan kowane aikin da ta yi a gaban mai kula da ita. Ba asiri ba ne cewa a wurare da dama ana cike shi a mako guda kafin jarrabawa, hannu ɗaya, biro ɗaya. Daga nan ɗaliba ke fahimtar cewa rubutu daban, aiki daban, kuma wadda ta fahimci haka ba za ta ji nauyin rubuta awon hawan jinin da ba ta yi ba. Hakanan tsawar da jama'a ke kuka da ita a ɗakin haihuwa: babu malamin da ya taɓa koyar da ita a allo, gadonta ake yi daga bakin gajiyayyar da ta kwana tsaye ita kaɗai a kan gadaje masu yawa.

Maganin ba ya buƙatar sabon gini. Kowane ɗakin da ake tura ɗalibai a ware masa nas mai koyarwa, a rage mata sauran aiki, a biya ta alawus na musamman, a kuma sa ta cikin jerin aikin dare, domin koyarwar da ke tashi da la'asar ba ta kai inda ake buƙatarta ba. Yawan ɗaliban da makaranta za ta ɗauka a ɗaure shi da yawan waɗannan masu koyarwa, komai girman azuzuwanta. Sai batun inda ake samo ɗaliban: shirin Mata Don Lafiya da Birtaniya ta ɗauki nauyi daga 2012 zuwa 2020, wanda Yobe na cikin jihohinsa, ya gwada ɗauko 'yan matan karkara, a ba su shekarar share fage su cike gibin kimiyya da Turanci, bisa alƙawarin komawa yi wa al'ummarsu aiki. Yarinyar da ta fito daga Gadaka ko Jajere tana jin harshen mai naƙuda, kuma ta fi kowa dalilin zama. Wannan aiki ne na jiha da ƙananan hukumomi da attajiran garin nan, bai kamata ya jira baƙi ba.

Saboda haka kira ga Ma'aikatar Lafiya da 'yan Majalisar Dokokin Jiha masu wakiltar wannan yanki shi ne, kafin a amince da ƙarin gurbi ko guda a shekara mai zuwa, a nemi kowace makaranta ta kawo sunayen waɗanda za su tsaya da ɗalibanta a aikin dare, a kuma saka albashinsu a kasafin kuɗi.