Trabant: Motar Jiya a Dandalin Baje Koli

A birnin Zwickau na gabashin Jamus, masoya tsofaffin motoci kan yi gangami su jera Trabant, motar da aka ƙera a garin daga 1957 zuwa 1991, akasari a zamanin gurguzu. A irin wannan baje koli ba a rasa Wartburg ta Eisenach, da Lada ta Tarayyar Sobiyet wadda aka kwaikwayo daga Fiat 124. Amma ido yana kan Trabant.

Ƙarfe ya yi wuya a Jamus ta Gabas, sai aka lulluɓe jikinta da Duroplast, haɗin ragowar auduga da wani irin ƙaro. Silinda biyu kacal gare ta, ana gauraya mata baƙin mai da fetur tamkar ƙaramin janareton gida, ga hayaƙi ga ƙara. Duk da haka mutum sai ya yi rajista ya jira shekara 10 ko fiye kafin layi ya zo kansa. Shi ya sa tsohuwa kan fi sabuwa tsada, tunda ita ba jira.

Da katangar Berlin ta faɗi a Nuwamba 1989, motocin Trabant ne suka yi jerin gwano zuwa Jamus ta Yamma, ba da jimawa ba kuma masu su suka yasar da su, suka rungumi Volkswagen. A ganina masu goge su yau ba mulkin suke kewa ba, ƙuruciyarsu ce. An ƙera sama da miliyan 3, kaɗan ne suka rage a kan titi.