Kifin teku a tukunyar Adar

Ya ku ƴan kasuwa da ma'aikatan hukuma na Tamaske, Kaita, Buza da Madawa,

Maganarmu ta yau a kan kifin ƙanƙara ce, wanda muke kira shinshar, maƙwabtanmu na Najeriya kuma ke ce masa kote. Dangi ne babba na kifayen teku, ana gane su da jerin ɓawo mai tauri da ya bi gefen jiki har wutsiya. Garke-garke suke tafiya, saboda haka manyan jirage ke kwasar su da yawa a gaɓar Murtaniya da Namibiya, su daskarar da su, su zuba a kwali. Wannan yawa shi ya sa ya zama naman talaka.

To amma, jama'a, wanda ya hau dokin aro bai san ranar sauka ba. A watan Janairu 1994 an rage rabin darajar sefa, duk abin da ake sayowa da kuɗin waje ya yi tsada dare ɗaya. A 2023 an rufe iyakarmu da Benin, kayan da suka saba biyowa ta Kwatano suka koma zagaye mai nisa ta Lome da Burkina Faso. Kifin da ke buƙatar sanyi tun daga jirgi har shago shi ne farkon mai wahala in hanya ta tsawaita.

Teku ma tana ƙarewa. A yankin ƙasar Shili an kama kusan tan miliyan 5 na wannan kifi a 1995; kafin 2011 abin da ake samu bai kai miliyan 1 ba. Sai da yarjejeniyar ƙasashe ta fara aiki a 2012, aka ƙayyade wa kowa rabonsa, sannan kifin ya farfaɗo.

Darasin ya shafe mu. Muna da tabkin Tabalak, muna da madatsun ruwan da aikin raya karkarar Kaita ya gina tun daga 1984 da taimakon Italiya. Mahukunta su zuba irin tarwaɗa da karfasa, su hana taru mai ƙananan idanu, su tsayar da lokacin hutun su. Ƴan kasuwa kuma su sa jari a bandar kifi da ɗakunan sanyi, masuntanmu su samu mai saye a gida.

Allah ya ba mu damina mai albarka.