Bidiyon Kisa a Hannun 'Yan Sanda: Wa Ya Kamata Ya Riƙe Makulli?



A daren 20 ga Oktoba, 2014, ɗan sanda Jason Van Dyke ya ɗirka wa Laquan McDonald, ɗan shekara 17, harsashi 16 a birnin Shikago na Amurka. Rahoton 'yan sanda ya ce yaron ya yi kansu da wuƙa. Kyamarar motarsu kuwa ta nuna kauce musu yake yi lokacin da aka buɗe masa wuta. Hukumar birnin ta biya iyalinsa dala miliyan 5, ta kuma danne bidiyon fiye da shekara guda, har sai da wani ɗan jarida ya kai ƙara bisa dokar 'yancin samun bayanai, alƙali ya ce a sake shi. Ranar da aka sake shi, 24 ga Nuwamba, 2015, a ranar aka tuhumi Van Dyke da kisan kai, kuma a 2018 aka same shi da laifi.

Masu son a rufe irin wannan bidiyo suna da hujja. A 2004, a shari'ar hotunan gawar Vince Foster, lauyan fadar White House, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa iyalan mamaci suna da haƙƙin a kare su daga baje kolin gawar ɗan'uwansu. Mu da muke gaggawar suturta gawa ba ma buƙatar a yi mana bayanin wannan. Babu uwar da za ta so ganin fitar ran ɗanta tana yawo a wayoyin mutane.

Sai dai mu duba yadda abin ya kasance a Karolina ta Arewa. Dokar jihar ta 2016 ta cire bidiyon 'yan sanda daga cikin bayanan da jama'a ke da ikon nema. Sai alƙali ya yarda ake saki. Da aka harbe Andrew Brown Jr. a garin Elizabeth City a Afrilun 2021, daƙiƙa 20 kacal aka fara nuna wa iyalinsa, alƙali kuma ya hana a nuna wa jama'a. Iyalin da aka ce ana kare mutuncinsu su ne suka koma roƙo.

Matsayina shi ne, wanda ake zargi ba ya zama mai ajiyar shaida. A fara nuna wa iyali bidiyon gaba ɗaya, a lulluɓe fuska da rauni idan sun buƙata, sannan a sa wa'adin saki: Shikago ta sa kwana 60, Kaliforniya kwana 45. Hukumar da ke son jinkiri ita za ta je kotu ta kare dalilinta.

Najeriya na da dokar 'yancin samun bayanai tun 2011. Kafin kyamara ta zama ruwan dare a jikin kakin 'yan sandanmu, ya kamata majalisa ta fayyace wa zai ajiye bidiyon, wa zai fara gani, kuma cikin kwana nawa.