Bakandamiya: Mawaƙi da Tarihin Bakinsa

 

Yau zancen bakandamiya za mu yi. Makaɗi yakan shekara yana wasa sarakuna da attajirai, amma akwai waƙa ɗaya da yake keɓe wa kansa, ya yi wa kansa kirari, ya ƙalubalanci abokan sana'a. Narambaɗa na Isa yana da tasa, Alhaji Mamman Shata ma haka.

Ku dubi Shata. Haifaffen Musawa ne a ƙasar Katsina, kuma bai gaji kiɗa ba. Mahaifinsa ma bai so ya shiga harkar ba. To wanda ba shi da gadon da zai jingina da shi, da me zai tsaya gaban taro? Da bakinsa. Kalangai na tashi, 'yan amshi na karɓa, shi kuma yana zayyana ko shi wane ne, yana ƙara ɗiyan waƙa yau, gobe ya sauya wasu. Shi ya sa za ka ji faifai biyu na Bakandamiya ba su zo daidai ba. A ganina, Shatan da muke tunawa, wanda ba ya shakkar kowa, shi da kansa ya gina mana shi, kuma gwaninta ce babba.

Haka wani mawaƙin Rumawa, Ovid, ya yi. A shekara ta 8 Miladiyya Sarki Augustus ya kore shi daga birnin Rum zuwa Tomis, a gaɓar Baƙin Teku, cikin ƙasar Romaniya ta yau. Can ya rubuta tarihinsa a waƙe: garinsu Sulmo, da yadda mahaifinsa ya so raba shi da waƙa don ba ta kawo arziki. Amma kuskuren da ya jawo masa korar, ya ƙi fayyace shi har ya mutu a can, masana kuma har yau hasashe suke yi.

Mu a nan mun fi Rumawa sa'a. Shata ya rasu a watan Yunin 1999, ya bar mutanen da suka zauna da shi. Daga bakin irin waɗannan mutane ne Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka tattara littafin Shata Ikon Allah a 2006. Mai son gwada waƙar da rayuwar mai ita, ga inda zai fara.