Karin Kumallo Daga Rumbunmu

Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, shayi da burodi ya fi ƙarfin magidanta da yawa a Garbadu. Amma gero da wake suna nan a rumbunmu. Koko da ƙosai yana riƙe cikin yaro har a tashi makaranta, domin wake abinci ne mai gina jiki. In man suya ya yi tsada, a yi ɗanwake, ko a ɗumama tuwon jiya da miyar kuka. Ni kam ɗumame ne zaɓina, shi ke kai mai noman rani a Bakolori har azahar. Iyaye, don Allah ranar kasuwar Talatar Mafara kada a sayar da waken gida duka, a rage na yara.