Filashin Da Ba Ka San Inda Ya Kwana Ba

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, Kakuri, Kaduna



Sakataren ƙungiya ya ce in zaɓi abin da zai amfani kowa, kada kuma in wuce minti goma. Don haka na zaɓi abin da bai kai ɗan yatsa ba, wato filashi, wannan ɗan ma'ajin da muke soka wa kwamfuta. Na tabbata in aka ce kowa ya zazzage aljihunsa a zauren nan, za a cika kwano guda da shi.

Ku dubi yadda filashi ɗaya yake yawo a garin nan. Da safe yana ofis. Da rana an aiki masinja da shi shagon buga takardu, domin firintar ofis ba tawada. Da yamma yaro ya karɓa ya kai wajen masu tura fina-finai a gefen kasuwar Monday, da dare kuma ya kwana a jikin kwamfutar gida. Kwamfutar mai shagon nan kuwa, filashin mutane da yawa ne ke shiga cikinta kowace rana, kowanne da abin da ya kwaso. Ba laifin mai shago ba ne, neman abincinsa yake yi. Amma dai wurin ya zama kamar randar bakin hanya, kowa da moɗarsa.

Cutar da muka fi gamuwa da ita a nan ita ce wadda ake kira bairos ɗin shotkot. Ga yadda take aiki. Da ta shiga filashi sai ta ɓoye foldojinka na gaskiya, ta ajiye wasu na bogi masu sunaye iri ɗaya, da 'yar kibiya a gindinsu. Kana danna ɗaya, sai mugun shirin ya fara aiki a ɓoye, sau da yawa ma ya buɗe maka foldar da kake nema don kada ka yi zargin komai. Daga nan kwamfutar ta kamu, duk filashin da aka soka mata shi ma ya ɗauka. A wata ma'aikata na ga jami'in da ya yi mako uku yana haɗa jerin sunayen masu jiran ƙarin girma, ya buɗe filashinsa ranar da za a miƙa, ya ga wayam. Cikin firgita ya sa aka goge filashin gaba ɗaya. Abin takaicin shi ne takardun suna nan, ɓoye su kawai aka yi, kuma wanda ya san aikin zai fito da su cikin ɗan lokaci. Gogewar ce ta jefa shi cikin wahala. Saboda haka, iyayenmu da ke yawo da takardun fansho a filashi, in kun ga haka kada ku yarda a goge, ku nemi masani tukuna.

Wani zai ce ai kwamfutarsa ba ta hawa intanet, ina cuta za ta same ta? Tashar tace yuraniyom ta Natanz a ƙasar Iran ma an raba na'urorinta da intanet, ga sojoji suna gadi. Duk da haka wani shiri da aka sa wa suna Stuxnet ya shiga, kuma masana sun fi karkata ga cewa ta filashi ya bi. An ƙera shi ne don ya nemi na'urorin kamfanin Siemens masu sarrafa injunan tacewa, ya riƙa canza gudun juyawarsu, alhali allon da ma'aikata ke kallo yana nuna komai lafiya. An ƙiyasta ya lalata injuna kusan 1,000. Sai a watan Yuni na 2010 wani ƙaramin kamfani a ƙasar Belarus ya gano shi. Abin da ya fi ba ni tsoro game da shi, ba sai ka danna komai ba, buɗe filashin ka kalli abin da ke ciki ya isa. Mu da muka tashi muna jin jiniyar masaƙun Kakuri, ko muka ji labarinta a bakin iyayenmu da suka yi aiki a KTL da UNTL da Arewa, mun san abin da ake nufi da inji ya tsaya. Ba ƙarfe kaɗai ke tsayawa ba, har tukunyar gida.

Kafin wannan, a 2008, an soka wani filashi a kwamfutar wani sansanin sojan Amurka da ke Gabas ta Tsakiya, cutar ta bazu har cikin na'urorinsu na sirri. Sai da suka hana amfani da filashi a rundunar, suka kuma shafe wata 14 suna shara.

Akwai kuma tsintuwa. A 2015 wasu masu bincike suka zubar da filashi 297 a harabar Jami'ar Illinois a Amurka, suka koma gefe suna jira. Kusan rabinsu an soka su a kwamfuta an buɗe abin da ke ciki, na farko ma cikin minti shida. Da aka tambayi waɗanda suka buɗe, mafi yawa suka ce mai shi suke nema su mayar masa. Kun ga ke nan ba kwaɗayi ne kaɗai ke jefa mutum ba, har kirki. Ɓarawon zamani ya san haka. Ba ya buƙatar fasa ƙofar ofishinku, ya isa ya yar da filashi a wajen ajiye motoci, ya rubuta "Albashi" a jikinsa. Wane ma'aikaci ne a cikinmu zai ga wannan ya wuce? Hausawa dai sun ce tsintacciyar mage ba ta mage.

Manhajar kariya tana da amfani, in ana sabunta ta. Wadda aka sa tun ranar da aka sayo kwamfuta ba a sake waiwayarta ba, maigadi ne mai barci. Amma ko sabuwar tana da iyaka. A 2014 wasu masana biyu daga Jamus, Karsten Nohl da Jakob Lell, sun nuna cewa ana iya sauya ƙwaƙwalwar filashi ya gaya wa kwamfuta cewa shi allon rubutu ne. Kwamfuta kuwa ba ta musu da allon rubutu, duk abin da ya buga umarni ne. Irin wannan ko an bincika fayilolinsa ba za a ga komai ba.

Ni abin da nake yi mai sauƙi ne. Ina da filashi biyu, na daji da na gida. Na daji shi ke zuwa shago, ba na ɗora masa sai takardar da za a buga, kuma ba ya kusantar kwamfutar ofis. In da hali ma, na fi son in tura wa mai shago takardar ta imel ko WhatsApp, in dai ba ta sirri ba ce. Duk abin da rashinsa zai sa ni kuka, ina da kwafinsa a wuri na biyu. Wanda na tsinta kuwa, wajen masu gadi nake kai shi, mai shi ya je can ya nema.

'Yan uwana ma'aikata, mu namu ya fi nauyi, domin abin da ke hannunmu ba namu ba ne. Lambobin asusun mutane ne, da ranakun haihuwarsu, da takardun asibitinsu. Tun 2023 Nijeriya tana da dokar kare bayanan jama'a, wadda ta ɗora wa duk mai riƙe da irin waɗannan bayanai alhakin tsare su.

Wannan ya kawo ni kan ƙungiyarmu. Rajistar membobi, da lambobin wayarmu, da lissafin kuɗin gyaran ɗakin gwaje-gwaje da muke tarawa, duk a filashi guda suke, kuma shi ne ake kaiwa shago duk lokacin da za a buga takardar gayyata. Ina roƙon shugaba ya sa wannan cikin abin da za a tattauna yau: a sayi filashi biyu sababbi da ba za su fita ba, ɗaya wajen sakatare ɗaya wajen ma'aji, a kuma buga rajistar a takarda a ajiye a ofishin shugaban makaranta. Kuɗin na farkon ni zan biya.