Injin Kafinta Mai Ayyuka Da Yawa: Tashinsa Ba Shi Ne Shaidar Ya Haɗu Ba

 

Maganata a yau kan injin nan ce da ke haɗa zarto, da share fuskar katako, da daidaita kaurinsa, da fitar da ado, da huda rami, duk a jiki ɗaya, irin wanda kamfanoni kamar Felder na Ostiriya da SCM na Italiya da Robland na Beljiyam ke ƙerawa. Yawancin waɗanda ke isowa shagunanmu na hannu ne, a kwance suke zuwa, sau da yawa ba tare da littafinsu ba. Abin da aka saba shi ne a ɗaure shi, mai gyaran wuta ya jona, a danna makunni, in ya tashi a ce ya haɗu. Ni a ganina tashin inji moto kawai yake wa shaida. Haɗuwa kuwa da awo ake tabbatar da ita, kuma wuta a cire.

Dalilin yana cikin lissafi. Zarto mai faɗin milimita 300 da ke juyi 4,000 a minti, haƙoransa na gudun da ya haura kilomita 220 a awa. Kan shara mai wuƙa uku da ke juyi 5,000 yana saran katako sau 250 a daƙiƙa ɗaya. A irin wannan gudu ido ba ya ganin kuskure, hannu kuma ba ya riga shi. Shi ya sa farkon abin dubawa shi ne ƙarfen nan mai lanƙwasa da ke tsaye bayan zarto, wanda da yawanmu ke kwancewa su ajiye. Aikinsa hana tsagar katako rufewa ta matse zarto, domin in ta matse, haƙoran baya na ɗaga katakon su wurgo shi ƙirjin mai aiki. Ƙa'idar hukumar kiyaye lafiyar ma'aikata ta Birtaniya ita ce kada tazararsa da haƙora ta wuce milimita 8 a saitin tebur, ya fi jikin zarton kauri amma kada ya kai faɗin tsaga. Mu da muke yawan yanka katakon da bai gama bushewa ba mun fi kafintocin Birtaniya bukatarsa. Sai ƙarfen jagora: a auna daga gaban zarto da bayansa, tazarar ta zo ɗaya, a kuma ɗora sukwaya a ga ya tsaya cak. Wuƙaƙen shara su fito daidai da juna, kansu ya yi saiti da teburin da katako ke sauka, a bi notunansu ɗaya bayan ɗaya.

Wuta ma tana da nata tarkon. Moto mai layi uku, in aka sauya wayoyi biyu, juyawa yake ta baya, notin da aka ƙera don ya ƙara tamkewa da juyin zarto sai ya koma kwancewa. Don haka a gwada alkiblar juyi kafin a ɗaura zarto, a sake gwadawa duk ranar da aka koma kan janareta. Makunnin kuma ya zama irin wanda in an ɗauke wuta yake mutuwa, ba ya tashi sai an sake dannawa. Kowa a zauren nan ya san yadda wuta ke dawowa ba sallama, daidai lokacin da yaro ya sa hannu yana kwashe ɓuntun katako.

Wani zai ce ya shekara da shekaru yana aiki babu ƙarfen nan na bayan zarto, kuma yatsunsa goma cif. Gaskiya ne, amma waɗanda suka rasa nasu galibi sun bar sana'ar, ba sa cikinmu balle su yi magana. Wani zai ce injinsa sabo ne dal daga kamfani. Ko da an saita shi a can, ya sha jijjigar jirgin ruwa da ta tirela daga Legas, an kuma girke shi a daɓen da ba lallai ya miƙe ba. Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta lokaci: mai kaya na tsaye, wuta ba ta daɗewa. Na yarda da nauyinta. Sai dai ai lokacin da babu wutar shi ne lokacin awo, kuma injin da tebur ɗinsa ya karkace yana cin katako da kuɗi kullum ko bai taɓa jikin kowa ba. A tuna kuma, wannan inji ba sau ɗaya ake haɗa shi ba: duk sauyi daga shara zuwa yanka, ana ɗaga tebur, a matsar da jagora, a mayar da murfi, wato sabuwar haɗawa ce.

Roƙona ga iyayengiji shi ne kada ku bar wannan dubawa ga dillali ko mai gyaran wuta. Ku yi ta da hannunku a gaban yaranku, kada kuma ku yaye yaron da bai iya ta ba.